Darasin Tarihi: Turawan Amurka Na Farko Da Yaƙinsu Na Neman 'Yancin Kai

In an tambayi ɗalibai abin da ya sa mutanen Amurka suka yi wa Ingila tawaye, amsar da aka fi samu ita ce wai haraji ne ya yi musu yawa. Wannan amsa ba ta isa a ba ta cikakken maki ba. A wancan zamani mutumin da ke zaune a Ingila ya fi na Amurka biyan haraji nesa ba kusa ba. Ko ganyen shayin nan da aka zubar a ruwa a Boston, dokar da ta jawo rigimar rage masa kuɗi ta yi. To, me ya kawo yaƙi? Kafin mu iya amsawa sai mun koma baya fiye da shekara 150, mu ga irin zaman da mutanen suka saba da shi.

Tun da fari, kada mu ɗauka labarin nan irin namu ne. Lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903, baƙi ne suka zo suka mallaki masu ƙasa. A Amurka kuwa waɗanda suka yi tawayen su kansu baƙi ne, yawancinsu jikokin mutanen Ingila da suka haye teku suka kafa garuruwa. Harshensu ɗaya da na Ingila, dokokinsu ɗaya, sarkinsu ɗaya. Masu ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa bisa kuskure, suna nan tun da daɗewa, za mu kuwa ga yadda ta kasance da su.

Garin farko da ya ɗore shi ne Jamestown, a yankin Virginia, a shekara ta 1607. Wani kamfanin 'yan kasuwa na Landan ne ya aiko da maza wajen 104, da zaton za a sami zinariya. Ba a samu ba, sai yunwa da zazzaɓi. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta yi tsanani har mutum wajen 60 ne kawai suka rage a garin. Taba ce ta ceci Virginia. Wani mai suna John Rolfe ya fara gwada nomanta a 1612, kasuwar Turai kuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Amma noman taba yana bukatar hannaye da yawa. Da farko talakawan Ingila ne suke yin aikin, waɗanda suka yarda su yi wa mai gona barance na shekara huɗu zuwa bakwai a bakin kuɗin jirgin da ya kawo su.

Ku riƙe shekara ta 1619 da kyau, domin abu biyu suka faru a cikinta. A watan Yuli wakilai 22 da manoma suka zaɓa sun zauna tare da gwamna a cikin majami'ar Jamestown, suka yi wa Virginia dokoki. Wannan ce majalisar wakilai ta farko a yankunan Ingila na Amurka. A watan Agusta kuma wani jirgi ya sauke 'yan Afirka wajen 20 da aka kamo daga wajajen Angola, aka musanya su da abinci. Majalisa da bauta sun shigo a shekara guda, suka kuma girma tare.

Can arewa da Virginia, dalilin zuwan ya bambanta. A Ingila a lokacin, doka ta tilasta wa kowa bin Ikilisiyar Ingila, wadda sarki ne shugabanta. Akwai Kiristoci da suka ga gyaran da aka yi wa ikilisiyar bai isa ba. Wasunsu suka ware, suka gudu Holan, daga baya a 1620 suka shiga jirgin ruwa mai suna Mayflower tare da wasu da neman abin duniya ne ya fito da su. Mutum 102 ne, suka yi kwana 66 a teku. Jirgin ya sauka nesa da inda aka ba su izini, wato a wurin da babu wata hukuma a kansu. Saboda haka tun kafin su fita, maza 41 suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa za su haɗa kai su yi wa kansu dokoki, su kuma bi su. Wajen rabinsu suka mutu a hunturun farko. Sauran ma da wuya su kai labari in ba don mutanen ƙabilar Wampanoag ba, da wani ɗan ƙasa mai suna Tisquantum wanda ya koya musu shukar masara. Shi wannan ya iya Turanci ne domin wani matuƙin jirgi Bature ya taɓa sace shi ya kai shi Turai.

Daga 1630 sai aka yi babbar ƙaura zuwa Massachusetts a ƙarƙashin John Winthrop. Cikin shekara goma mutum wajen 20,000 suka haye. Su ne ake kira 'yan Puritan, wato masu son a tsarkake ikilisiya. A nan ya kamata mu dakata, gama tsarin ikilisiyarsu shi ya haifi tsarin garuruwansu. Ba su da bishop. Kowace ikilisiya ita ke kiran fastonta, ita ke biyansa, ita ke yanke shawarar wanda za a karɓa a zumunci. A cikin ginin da ake sujada ran Lahadi, nan ne kuma mazan gari ke taruwa su zaɓi dattawan da za su bi da al'amura, su raba filaye, su yanke yawan kuɗin da kowa zai bayar don gyaran hanya ko albashin malami. Sun ɗauki karatu da muhimmanci ƙwarai, domin kowa ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. A 1636 suka kafa kwalejin Harvard don horar da fastoci. A 1647 suka yi doka cewa kowane gari mai gida 50 dole ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu, mai gida 100 kuma ya buɗe makarantar gaba. Mutanen da suka yi zuriya biyar suna haka, ba abu ne mai sauƙi a zo rana ɗaya a ce musu daga yau wani ne zai yanke musu ba.

Sai dai kada mu mai da su waliyyai. 'Yancin da suka nema wa kansu sun hana wa wasu. Da farko sai wanda yake cikakken ɗan ikilisiya ne ke jefa ƙuri'ar zaɓen gwamna. Fasto Roger Williams ya ce hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum a kan bangaskiya, ya kuma ce ƙasar ta 'yan asali ce, sai a saya. Suka yanke masa hukuncin kora a 1635, ya je ya kafa garin Providence, tushen Rhode Island. A 1660 suka rataye wata mace mai suna Mary Dyer a Boston saboda ta ƙi daina wa'azin ɗarikar Quaker. Abin baƙin ciki ne a ga wanda ya gudo daga tsanani ya zama mai tsanantawa.

Sauran yankunan kowane da tarihinsa. An kafa Maryland a 1634 don 'yan Katolika su sami mafaka. An ƙwace New York daga hannun mutanen Holan a 1664. William Penn, ɗan ɗarikar Quaker, ya sami Pennsylvania a 1681, ya buɗe ta ga kowa, har Jamusawa da mutanen Ailan suka cika ta. A Carolina ta Kudu shinkafa ce arziki, bayin da aka kawo daga Afirka ta Yamma kuwa su ne ke nomanta, har suka fi iyayengijinsu yawa. Georgia ce auta, a 1733. Yankuna 13 ke nan. A 1700 mutanensu duka ba su wuce 250,000 ba sosai. A 1775 sun kai wajen miliyan biyu da rabi, kuma kusan ɗaya daga cikin kowane biyar bawa ne.

Duk da bambancinsu, akwai abu ɗaya da suka yi tarayya a kai. Kowane yanki yana da majalisarsa ta zaɓaɓɓu, ita ce kuma ke sa haraji. Maza masu dukiya ne kaɗai ke zaɓe, amma da yake ƙasa tana da araha, masu ƙuri'a sun fi na Ingila yawa in an kwatanta. A yawancin yankunan daga Ingila ake naɗo gwamna. To amma a wurare irin su Massachusetts da New York majalisa ce ke yanke albashinsa, shekara shekara. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnan da ya cika taurin kai yakan ga albashi ya makara. Ga kuma nisa: mil wajen 3,000 na teku, in ka aika da wasiƙa Landan sai ka yi wata uku ko huɗu kafin amsa ta dawo. Akwai dokokin ciniki da suka ce kaya irin su taba sai Ingila za a kai su, a cikin jiragen Ingila, amma fasa-ƙwauri ya zama ruwan dare, hukuma kuwa ta kau da kai tun da riba tana shigowa.

Ko falkaswar da ta ratsa yankunan daga wajajen 1734 ta ƙara wa wannan hali ƙarfi. Jonathan Edwards ya yi wa'azi a Massachusetts, George Whitefield kuma ya zaga daga Georgia har arewa a 1739 da 1740, yana tara dubbai a fili. Ikilisiyoyi da yawa suka rabu, talakawa suka fara auna fastocinsu masu ilimi, suna barin wanda bai gamsar da su ba.

Abin da ya rushe wannan tsohon zama nasara ce. Daga 1754 Ingila da Faransa suka gwabza a kan mallakar Amurka ta Arewa, a 1763 Faransa ta sallama Kanada. Yaƙin ya bar gwamnatin Birtaniya da bashin fam wajen miliyan 130, ga shi kuma tana so ta ajiye soja wajen 10,000 a Amurka. Ministoci suka ce tun da don mutanen Amurka aka yi yaƙin, su ma su ɗauki wani sashe na nauyin. In za a faɗi gaskiya, wannan magana tana da ma'ana. Amma da Faransa ta tafi, mutanen yankunan ba su ƙara jin suna bukatar kariyar kowa ba. Bugu da ƙari, a wannan shekara sarki ya hana su zama a yammacin duwatsun Appalachian don kauce wa faɗa da 'yan asalin ƙasa, abin da ya ɓata wa masu kwaɗayin filaye rai, har da George Washington.

A 1765 Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi Dokar Kan Sarki. Kowace jarida, da takardar kotu, da lasin, har da katin wasa, sai an buga a kan takarda mai hatimin da aka biya wa kuɗi. Kuɗin ba su da yawa. Amma wannan ne karo na farko da Landan ta sa musu haraji kai tsaye, ta tsallake majalisunsu. Hujjarsu kuwa daga tarihin Ingila suka ɗauko ta: ba a karɓar kuɗin mutumin Ingila sai da yardar wakilan da ya zaɓa, su kuwa ba su da ko wakili ɗaya a Landan. Gwamnati ta amsa cewa ai manyan garuruwa irin su Manchester da Birmingham ma ba su da wakili, amma majalisa tana magana da yawun kowa. Wannan bai shiga kunnen mutumin da ya san wakilinsa ido da ido ba. Dokar ta kuma taɓa lauyoyi da masu buga jarida, wato waɗanda suka fi kowa baki. Wakilan yankuna tara suka taru a New York. 'Yan kasuwa suka ƙaurace wa kayan Ingila. 'Yan tarzoma suka farfasa gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson a Boston, masu sayar da takardun suka yi murabus don tsoro. A 1766 aka soke dokar, amma a rana guda majalisa ta yi wata da ke cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane abu.

A 1767 ministan kuɗi Charles Townshend ya sa kuɗin fito a kan gilashi, da darma, da fenti, da takarda, da ganyen shayi. Abin lura a nan shi ne inda za a kai kuɗin: da su za a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai. Wato linzamin da majalisu suka daɗe suna riƙe da shi za a zare daga hannunsu. Aka sake ƙaurace wa kaya. Mata suka koma kaɗi da saƙa a gida, suka bar shan shayi. Aka kai soja Boston a 1768. Ran 5 ga Maris, 1770, sojoji suka yi harbi cikin taron da ke jifarsu, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasa. Lauyan da ya kare sojojin a kotu shi ne John Adams, ɗaya daga cikin masu adawa da harajin, ya kuwa kuɓutar da shida daga cikin takwas. A ganina wannan ya fi yawancin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya cancantar a tuna da shi.

Aka soke kuɗin fiton duka sai na shayi, taro ɗaya, wato kwabo uku, a kan kowace laba, don dai a nuna ikon yana nan. A 1773 aka ba Kamfanin Indiya ta Gabas, wanda ke neman durƙushewa, izinin kai shayi Amurka kai tsaye da araha. Mutane suka ga tarko ne: in sun saya, sun yarda da harajin ke nan. Daren 16 ga Disamba wasu suka yi shigar 'yan asalin ƙasa, suka hau jirage uku a tashar Boston, suka zubar da akwati 342 a ruwa. Landan ta mai da martani a 1774. Ta rufe tashar har sai an biya, ta mai da majalisar mashawartan gwamna ta naɗaɗɗu, ta kuma hana taron gari fiye da sau ɗaya a shekara sai da izinin gwamna. Wannan na ƙarshe ya taɓa manomin ƙauye wanda bai damu da shayi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya shekara 140 yana bushewa. Sauran yankuna suka ga abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, sai 12 daga cikinsu suka aika da wakilai babban taro a Philadelphia.

Daren 18 ga Afrilu, 1775, wayewar 19, sojoji suka fita Boston don ƙwace makaman da aka ɓoye a Concord. A Lexington suka kashe 'yan sa-kai takwas, a kan hanyar komawa kuma manoma suka yi ta harbinsu daga bayan shinge da itatuwa. Taron Philadelphia ya naɗa Washington shugaban soja, amma har yanzu ba a maganar rabuwa. Sun ma aika wa Sarki George na Uku takardar koke, ya ƙi karɓa. Abin da ya juya ra'ayin jama'a wani ɗan littafi ne mai suna Common Sense, wanda Thomas Paine ya fitar a Janairun 1776. Ya san masu karatunsa, saboda haka ya kafa hujja da labarin Gidiyon da ya ƙi sarauta, da gargaɗin da Sama'ila ya yi wa Isra'ilawa sa'ad da suka nemi sarki. Ran 4 ga Yuli, 1776, taron ya amince da sanarwar 'yancin kai wadda Thomas Jefferson ya tsara yana ɗan shekara 33. Ta kafa hujja da cewa mutane daidai suke a wurin Mahalicci, kuma ikon hukuma daga yardar jama'a yake fitowa.

Ba kowa ya yarda ba. Wajen ɗaya daga cikin biyar na Turawan yankunan sun tsaya da sarki, aka ƙwace wa da yawansu dukiya, bayan yaƙi wajen 60,000 suka bar ƙasar. Kiristoci ma sun rabu. Fasto John Witherspoon ya sa hannu a sanarwar, John Wesley kuwa daga Ingila ya yi rubutu yana kushe tawayen.

Yaƙin kansa ba sai mun bi shi daki-daki ba. Washington ya sha kaye fiye da yadda ya ci nasara. Gwanintarsa ita ce bai bari rundunarsa ta watse ba. Ya rasa New York a 1776, amma ran 26 ga Disamba ya mamayi sojojin haya na Jamus a Trenton ya kama wajen 900. A Oktoban 1777 Janar Burgoyne ya miƙa wuya a Saratoga da soja kusan 6,000. Wannan ya sa Faransa, wadda ke neman ramuwa, ta shiga yaƙin a 1778, Sifen ta biyo a 1779. A hunturun 1777 zuwa 1778 sojojin Washington wajen 2,000 suka mutu a sansanin Valley Forge, yawanci don cuta. Ƙarshen abin a Yorktown ne, inda jiragen yaƙin Faransa suka tare teku, sojojin Amurka da na Faransa suka kewaye Janar Cornwallis, ya sallama ran 19 ga Oktoba, 1781. Ba don Faransa ba, da wuya a ce an yi nasara. Ran 3 ga Satumba, 1783, a birnin Paris, Birtaniya ta amince da 'yancin Amurka har zuwa kogin Mississippi. A Disamban wannan shekara Washington ya mayar wa majalisa da muƙaminsa na soja ya koma gonarsa. Sai bayan an rubuta tsarin mulki a 1787 aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1789.

Yarjejeniyar Paris ba ta ko ambaci masu ƙasar na asali ba, aka raba ƙasarsu ba su nan. Yawancinsu Birtaniya suka goya wa baya, domin sun san wanda ke kwaɗayin gonakinsu. A 1779 sojojin Amurka sun ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois wajen 40 tare da amfanin gonarsu.

Bayi kuma fa? Jefferson da ya rubuta maganar daidaito ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Baƙaƙen fata wajen 5,000 sun yi yaƙi a ɓangaren Amurka, wasu jihohin arewa irin su Pennsylvania da Massachusetts kuma suka fara kawar da bauta, amma a kudu ta ci gaba har 1865. Saboda haka ga dubban bayi, 'yanci yana wajen sarki ne. A Nuwamban 1775 gwamnan Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga sojansa. Da yaƙi ya ƙare, Birtaniya ta kwashe baƙaƙen fata wajen 3,000 daga New York, yawancinsu zuwa Nova Scotia a Kanada. Can suka tarar da sanyi da wariya, filayen da aka yi musu alkawari kuma da yawa ba su samu ba. Wani tsohon saje a cikinsu, Thomas Peters, ya tafi har Landan ya kai kuka. A 1792 mutum kusan 1,200 suka shiga jirage 15 suka nufo Afirka ta Yamma tare da masu wa'azinsu, irin su David George na Baptist, suka kafa garin Freetown a Saliyo. Cikinsu akwai wani mai suna Harry Washington, wanda ya gudo daga gonar George Washington.